Sau biyu aka kai shi jinya, sau biyu ya koma wa ƙwaya

Wasiƙar da zan amsa a wannan karo ta fito ne daga birnin Tawa, daga wata uwa wadda 'yarta ta rubuta mata. Ga abin da ta ce, bayan na taƙaita:

"Ɗana na fari yana da shekara 29. Bayan rasuwar mahaifinsa ya bi matasa zuwa Jado neman zinariya, bai dawo da arziki ba, da shan tiramol ya dawo. Yanzu kabu-kabu yake yi, abin da ya samu kuma a wurin masu ƙwaya yake ƙarewa, har da dare ya fara haɗawa da barasa don ya samu barci. Mun fara kai shi gidan mari a ƙetaren iyaka, ya yi wata huɗu da sarƙa a ƙafa, ya dawo bai yi kwana goma ba ya koma. Bara ya faɗi daga kan babur yana fizge-fizge, aka wuce da shi Yamai, ya yi mako uku a asibiti, ya dawo ya yi kyau har ya soma salla a masallaci, amma bayan wata biyu abin ya dawo sabo. Yanzu baffansa ya ce a sayar da garkar albasar da mahaifinsu ya bari, a kai shi wata cibiya mai zaman kanta da ke neman jika 900 na wata shida. Kawunsa ya ce asarar kuɗi ce, a rabu da shi duniya ta koya masa hankali. Ƙawayena kuma sun ce a yi masa aure. Tambayata ita ce: wai jinyar nan tana raba mutum da ƙwaya, ko kuwa wanda ya shiga ya shiga ke nan?"

Hajiya, ina yi miki sallama, ina kuma yi miki jaje a kan wannan jarrabawa. Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya ba yaron nan lafiya. Na lura cewa duk tsawon wasiƙar ba ki ambaci sunansa ba ko sau ɗaya, kamar yadda kunyar ɗan fari ta gada, saboda haka ni ma zan bi sahunki in riƙa cewa yaron nan, ko da yake mai shekara 29 ya wuce a kira shi yaro a ko'ina in ban da bakin uwarsa.

Jinya tana aiki, kuma a kasuwar Tawa da ta Katako a nan Yamai akwai magidanta da ke harkokinsu a yau waɗanda suka taɓa kasancewa cikin halin da yaron nan yake ciki, suka fita, har mutane suka manta. Sai dai abin da aka yi masa sau biyun nan bai kai a kira shi cikakkiyar jinya ba. Na farko tsarewa ce kawai, na biyu kuwa farkon jinya ne da ya yanke a daidai lokacin da babban aikin ya kamata ya soma. Kafin a taɓa garkar marayu, ya dace ke da baffansa da kawunsa ku san abin da ƙwayar nan take yi wa jiki, domin daga nan ne za a gane abin da ya cancanci a kashe wa kuɗi.

Tiramol maganin ciwo ne na gaske, ɗan gidan su mofin, wanda likitoci ke rubuta wa mai karaya ko wanda aka yi wa tiyata, miligiram 50 ko 100 a lokaci guda, kuma ba a yarda babban mutum ya wuce miligiram 400 a yini ba. Wanda ake sayarwa a ɓoye a tasha da bakin kasuwa da wuraren haƙar zinariya kuwa, wanda akasarinsa daga Indiya ake kawo shi ta tashoshin jiragen ruwan ƙasashen gaɓar teku, ƙwaya ɗaya takan kai miligiram 200 ko 225. Ke nan ƙwaya biyu da aka jefa cikin kofin Nescafé da sassafe sun riga sun kai mutum iyakar da likita ya gindaya ko sun wuce ta, alhali wanda ya daɗe a ciki ba ya tsayawa a biyu. Fizge-fizgen da yaron nan ya yi ranar da ya faɗi sanannen aikin tiramol ne idan ya yi yawa a jini, kada wani ya ce miki aljani ne ko sammu. Matashin da ke cikin rami a Jado yakan fara sha ne don ya kashe gajiya da yunwa da tsoro, amma bayan wasu watanni ƙwaƙwalwa takan saba, har ƙwayar da a da take ƙara masa ƙarfi ta koma abin da sai ya sha sannan zai iya tashi daga shimfiɗa kamar kowa.

Na taɓa kwana a wurin wani ɗan maƙwabtanmu a darensa na uku da daina sha. Lokacin bazara ne, ana zafin da ko bangon ɗaki ba ya jinginuwa, amma shi yana ƙudundune cikin bargo yana rawar sanyi, hancinsa na zuba, hawaye na gangarowa ba tare da kuka ba, ga hamma ba ƙaƙƙautawa. Ƙafafunsa ba su zauna wuri ɗaya ba tun magariba har kiran assalatu, yana cewa kamar tururuwa ke yawo cikin ƙashinsa, kuma ban iya ƙirga sau nawa na raka shi bayan gida da buta ba. Da gari ya waye sai ya riƙe hannun uwarsa yana roƙon rabin ƙwaya, yana rantsuwa cewa ba daɗi yake nema ba, so yake ya samu ya runtsa. Wannan azaba takan soma cikin yini guda bayan shan ƙarshe, ta tsananta a kwana na biyu da na uku, sannan ta lafa cikin mako ɗaya ko biyu. Ita ce asibiti ya taimaki yaron nan ya tsallake a mako ukun da ya yi a Yamai, shi ya sa kika ga ya dawo da kumatu da hasken fata. Amma rashin barci da mutuwar jiki da ƙuncin zuciya, da kwaɗayin da ke taso wa mutum duk lokacin da ya wuce ta wurin da ya saba sha, waɗannan sukan ɗauki watanni kafin su sake shi. Fitar da ƙwaya daga jini aikin makonni ne, raba zuciya da ita kuwa yakan ci shekara ko fiye, kuma wannan kashi na biyun ne ba a taɓa yi wa yaron nan ba.

Masana sun daɗe suna bin diddigin wannan al'amari. A shekarar 2000 wani masani a Amurka mai suna Thomas McLellan da abokan aikinsa sun kwatanta shaye-shaye da cututtukan da ake daɗewa ana fama da su, suka nuna cewa tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa jinya sukan sake komawa, adadin da bai fi na masu hawan jini ko asma da ciwonsu ke sake tashi ba. Ki duba yadda muke ɗaukar hawan jini a gidajenmu: idan dattijo ya bar shan maganinsa jininsa ya sake hawa, ba wanda ke cewa asibiti yaudara ce, mayar da shi ake yi a sake aunawa a gyara magani. Hukumar binciken shaye-shaye ta ƙasar Amurka ta kuma bayyana cewa jinyar da ba ta kai kwana 90 ba amfaninta kaɗan ne, kuma ba lallai ne kwanakin nan su kasance a kan gadon asibiti ba, muddin mutum yana zuwa ana ganinsa a kai a kai. Akwai kuma wani bincike na 2019 a can ɗin, da aka tambayi mutanen da suka riga suka rabu da shaye-shaye sau nawa suka yunƙura da gaske kafin su dace. Rabinsu yunƙuri biyu ne ko ƙasa da haka ya ishe su, wasu kuma sai da suka yi ta faɗuwa suna tashi sau da yawa. Faɗuwa biyun da yaron nan ya yi ba ta fitar da shi daga sahun masu warkewa ba.

Game da gidan mari, zan yi magana ba tare da ɓoye-ɓoye ba, ba kuma don in ɗora miki laifi ba, domin uwa da ta rasa mafita takan bi duk ƙofar da aka nuna mata. Sarƙa tana hana hannu kai ƙwaya baki muddin tana ƙafa, amma ba ta koya wa mutum abin da zai yi ranar da aka kwance ta. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fasa wani irin gidan a unguwar Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, wasunsu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, a watan da ya biyo baya kuma aka gano wasu a Daura da Katsina. Ba a ƙasar Hausa kaɗai aka gwada tsarewar dole ba. A Maleshiya an bi sawun masu shan dangin hiroyin da gwamnati ta tsare da ƙarfi, aka kwatanta su da waɗanda suka je jinya da ƙafarsu aka ɗora su a kan magani, kuma sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna cewa rabin waɗanda aka tsare sun koma cikin kwana 31 da sakinsu, alhali sai da aka yi kwana 352 kafin rabin ɗaya ɓangaren su koma. Komawar da yaron nan ya yi kafin kwana goma, bayan wata huɗu a mari, ba ta saɓa wa wannan ba. Kada a sake mayar da shi can, kuma idan kin samu natsuwa wata rana ki ba shi dama ya faɗa miki abin da ya gani a wurin, domin irin wannan ɗaci yakan zauna a zuciya ya zama dalilin shan wata ƙwayar.

Wannan ba raina malamai ba ne. Addu'a da nasiha da zama kusa da mutanen kirki suna cikin abubuwan da ke riƙe mai ƙoƙarin dainawa, kuma komawar da ya yi masallaci bara babban jari ce. Addinin da muke bi ma bai haramta giya a rana ɗaya ba, a hankali ayoyi suka sauka har aka kai ga hani na ƙarshe a cikin Suratul Ma'ida. An kuma ruwaito cewa akwai wani sahabi da ake yawan kawowa gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, da wani ya la'ance shi sai Manzo ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Malamin da zai amfani yaron nan shi ne wanda zai karɓe shi a sahun salla ko da jiya an gan shi a buge, ya kuma ƙarfafa masa zuwa wurin likita.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne wurin da aka mayar da shi bayan asibiti. A lokacin yaƙin Biyetnam, kusan ɗaya cikin biyar na ƙananan sojojin Amurka da suka dawo gida a 1971 sun ce sun kamu da shan hiroyin ko danginta a can. Hukumomi sun tsorata ƙwarai, aka ba wata masaniya mai suna Lee Robins aikin bin sawunsu, sai ta samu cewa kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka kamu suka sake faɗawa a shekarar farko, kuma cikin shekara uku adadin bai wuce kimanin kashi 12 ba. Halinsu ba ɗaya ba ne da na yaranmu, amma darasin a fili yake: sun bar filin yaƙi, sun bar abokan sha, sun bar mai sayarwa a wata nahiya. Yaron nan kuwa an sallame shi ranar nan, bayan tafiyar yini guda ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni ya sauka a unguwar da ya bari, ga fadarsu, wato majalisar hirarsu, a inda take, ga mai shayin da ya san yadda ake haɗa masa, ga lambar mai ƙwaya a cikin wayarsa. Zama da maɗaukin kanwa ne ya sake kawo farin kai.

Sana'arsa ma tana cikin matsalar. Wanda zai hau babur tun hantsi har bayan isha'i cikin rana da ƙura, kuma dole ya kai wa mai babur kuɗin yini kafin ya ci nasa, a wurinsa tiramol kayan aiki ne kamar fetur. Ga shi kuma mai tarihin fizge-fizge bai kamata ya ɗauki fasinja ba sai likita ya amince. A nan ne garkar da ake shawarar sayarwa take da amfanin da ya fi kuɗinta. Idan akwai wani dattijo a cikin dangi da zai tsaya a kansa, aikin albasa daga dashe zuwa ban-ruwa zuwa cira yana cika yini, yana nisanta shi da tasha, yana kuma ba shi abin da zai nuna ya ce nasa ne. Sai dai a kula, domin ƙwayar ta shiga gonaki ita ma, saboda haka a duba su wane ne zai yi aikin tare da su.

Barasar da ya ƙara ta sauya lissafi, kuma ina roƙonki ki sa 'yarki ta karanta wa baffansa wannan sashe sau biyu. Barin tiramol farat ɗaya azaba ce mai tsanani, amma barin barasa farat ɗaya ga wanda jikinsa ya saba da ita kullum yana iya kisa. Rawar hannu da gumi sukan fara cikin sa'o'i, farfaɗiya takan iya biyowa, a kwana na biyu zuwa na uku kuma wasu sukan rikice su riƙa ganin abubuwan da babu su, zuciya na bugawa da sauri, jiki ya yi zafi. Saboda haka kada a kulle shi a ɗaki a ce sai ya daina, wannan aikin likita ne, wanda zai ba shi magani a ƙididdige tare da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Kada kuma a saya masa diyazefam a wurin masu tallan magani a kan titi da sunan maganin barci, domin shi ma yana kama mutum, kuma haɗuwarsa da tiramol da barasa tana danne numfashi. An sayar da kare an sayi biri ke nan. Idan ya sake faɗuwa yana fizge-fizge, a kwantar da shi ta gefe, a janye abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa cokali a baki ko a ɗura masa ruwa ko rubutu, kuma a garzaya da shi asibiti, musamman idan abin ya wuce minti biyar ko numfashinsa ya yi ƙasa. Ki sani kuma cewa lokaci mafi haɗari shi ne makonnin farko bayan ya daɗe bai sha ba, domin jiki ya manta da yawan da ya saba ɗauka, adadin da a da yake sha ya hau babur yana iya kwantar da shi har abada.

Akwai magunguna na gaske da ake jinyar wannan cuta da su. Ga masu shan dangin mofin akwai metadon da bufrenofin, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna tun 2005, kuma a yankinmu na Afirka ta Yamma birnin Dakar ne ya fara buɗe cibiyar gwamnati mai ba da metadon, wadda aka ƙaddamar a ƙarshen 2014. Ga masu barasa kuma akwai magungunan rage kwaɗayinta. Likitan da ya duba yaron nan shi zai zaɓi abin da ya dace da shi cikin abin da ke hannu, sau da yawa ta hanyar rage masa ƙwayar sannu a hankali da magance rashin barci da gudawa da ciwon gaɓoɓi. Naki shi ne ki tabbata an faɗa wa likita gaskiya duka, adadin ƙwayar da yake sha da barasar da tarihin faɗuwarsa, domin kunyar da ke sa iyali su rage adadi ita ke sa a ba da maganin da bai isa ba.

Yanzu batun jika 900. Ban ce kowace cibiya mai zaman kanta ta banza ce ba, amma tsadar wuri da tsawon katangarsa ba su ne ma'aunin ingancinsa ba. Baffansa ya je da ƙafarsa ba tare da ya sanar ba, ya nemi ganin ɗakin da masu jinya ke kwana, ya tambayi sunan likitan da ke duba su da ranakun da yake zuwa, ya kuma tambaya ko iyali suna da izinin ziyara. Tambayar da ta fi duka muhimmanci ita ce abin da suke yi wa mutum bayan sun sallame shi. Idan amsar ita ce sun gama nasu, to wata shidan nan zai ƙare a inda mako ukun bara ya ƙare, sai dai wannan karon babu garka. Wanda kuma ya yi muku alkawarin cewa duk wanda ya shigo hannunsa ba ya komawa, ku ɗauki takalmanku. Ra'ayina shi ne kada a sayar, musamman da yake ƙannensa ma suna da haƙƙi a cikin gadon. Kuɗin da za a iya tarawa daga amfanin garkar a shimfiɗa shi a kan shekara guda, a biya kuɗin mota da na magani da na ganin likita, domin kaɗan-kaɗan na tsawon wata goma sha biyu ya fi tarin kuɗi da za a zube a ƙofa ɗaya.

A fara daga babban asibitin jiha da ke garinku Tawa, a nemi ma'aikacin da ke kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, idan kuma ya ga abin ya fi ƙarfinsa zai tura ku sashen da ake kira Pavillon E a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. Na san sunan da mutane ke kiran irin waɗannan wurare da shi, na kuma san tsoron da iyali ke ji kada a ce ɗansu ya haukace, amma unguwa ta riga ta ga faɗuwarsa a kan titi, babu sauran abin ɓoyewa. Akwai kuma dalili na biyu na ganin irin wannan ma'aikaci. Yaron nan ya rasa uba, nauyin gida ya faɗo a kansa a matsayinsa na babba, ya tafi neman abin rufin asiri ya dawo hannu rabbana, kuma Allah kaɗai Ya san abin da idonsa ya gani a hamada. Sau da yawa ciwon damuwa yakan ɓuya a ƙarƙashin ƙwaya, idan kuma ba a gano shi aka magance ba, zai ci gaba da tura mutum wurin mai sayarwa.

Kawunsa ya gaji ne, kuma gajiyarsa tana da dalili, amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Duniyar da yake so ta koya wa yaron nan hankali takan koyar ne a gidan kaso ko a maƙabarta. A 1999 wasu masana a jihar New Mexico ta Amurka, cikinsu har da William Miller da Robert Meyers, sun gwada hanyoyi uku a kan iyalan mashaya giya da suka ƙi zuwa jinya. Inda aka koya wa iyali su janye jiki su kula da kansu, kashi 13 cikin 100 na mashayan ne suka shiga jinya. Inda aka shirya taron dangi don a tunkari mutum gaba da gaba, kashi 30 ne. Inda kuwa aka koya wa uwa ko mata yadda za ta sauya mu'amalarta ta yau da kullum da shi, kashi 64 ne suka amince suka je.

Hanyar ta ukun ba ta da wuyar fahimta, ko da yake tana bukatar haƙuri. Kada a yi masa faɗa lokacin da yake a buge, domin ba ya ji kuma ba zai tuna ba. Ki jira safiyar da ya tashi garau, ki zuba masa fura, ki faɗa masa abin da kika ji a ranki daren jiya ba tare da zagi ko gori ba. Ranar da ya dawo gida cikin hayyacinsa ya tarar da fuska a sake da abinci mai zafi, ranar da ya dawo a buge kuma a bar shi ya kwanta ba tare da hira ba. Kada a ba shi kuɗi a hannu, a saya masa abin da yake bukata, kada kuma a riƙa biya masa bashin mai ƙwaya ko a yi ƙarya don a rufa masa asiri a wurin mai babur. Idan ya buɗe baki ya ce ya gaji da wannan rayuwa, wanda kusan kowane mai sha yakan faɗa wata rana, ya zamana kuɗin mota da wanda zai raka shi suna nan a shirye, domin irin wannan ƙofa ba ta daɗewa a buɗe. Idan kuwa ya kai ga ɗaga hannu a kanki ko a kan ƙannensa, to tsaron lafiyarku ne a gaba, a kira baffansa da mai unguwa, in ta kama har da hukuma.

Batun aure kuwa a jingine shi. Aure ba ya fitar da tiramol daga jini, kuma ɗauko 'yar mutane a ɓoye mata halin da ake ciki zalunci ne. Idan ya yi shekara guda tsaye da ƙafafunsa, a yi maganar, kuma a faɗa wa iyayen yarinyar gaskiya.

Kin ambaci wata biyun da ya yi lafiya bara kamar abin da ya tafi a banza, ni kuwa shi ne abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa a wasiƙarki. Kwana sittin ne ya tashi da ƙwaya a kusa da shi bai sha ba, ba sarƙa a ƙafarsa, ba mai gadi a ƙofa. Ina so 'yarki ta zauna da shi a ranar da yake cikin natsuwa, tunda wani lokaci ƙanwa takan ji abin da kunya ke hana a faɗa wa uwa, ta tambaye shi abin da ya faru a ranar da ya koma: ko rashin barci ne ya ishe shi, ko bashi, ko wata magana da aka yaɓa masa a gida, ko kuwa wani aboki ne ya miƙo masa. Amsar ita ce abu na farko da za a kai wa likita. Ta kuma bincika cikin kayansa ta nemo karnen asibiti, wato ɗan littafin jinyar da aka ba shi a Yamai, da takardar maganin da aka rubuta masa, domin galibi akan rubuta ranar komawa a ciki, kuma ina kyautata zaton ranar ta wuce ba wanda ya je. Ku tafi da takardun nan asibitin Tawa tare da fankon ƙwayar da yake sha, don likita ya ga miligiram ɗin da idonsa, sannan ki sa a sake rubuto mini abin da aka ce.